Ma'aikacin Hukumar EFCC: Haƙƙinsa da Amanar da ke Wuyansa

An shirya wannan bayani ne domin a wayar da kan jama'a game da mutanen da Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa nauyin farautar ɓarayin biro, watau ma'aikatan Hukumar Yaƙi da Masu Yi wa Tattalin Arzikin Ƙasa Ta'annati, wadda aka fi sani da EFCC. Galibin mutane ba su san kome game da su ba in ban da 'yar jar rigar nan da suke ɗorawa a kan tufafinsu ran da suka fito kamu, ko suka rako wani babba kotu. Amma a cikin jar rigar akwai mutum mai iyali, mai biyan kuɗin haya da na makarantar yara, wanda kullum safiya ake miƙa masa takardun da ke magana a kan dukiyar da ko zai shekara ɗari yana karɓar albashi ba zai tara kwatankwacinta ba. Saboda haka ya wajaba a san abin da ƙasa ta tanadar masa, da abin da take nema daga gare shi. Mutanen Jos da na Jihar Filato baki ɗaya sun cancanci jin wannan bayani fiye da kowa, domin a kan kuɗinsu ne aka yi ɗaya daga cikin shari'o'i mafiya tsawo da Hukumar ta taɓa gudanarwa.

Yadda al'amari yake kafin a kafa Hukumar

Ƙorafi a kan dukiyar jama'a ba baƙo ba ne a Jos. A cikin 1974, zamanin da garin yake hedkwatar Jihar Binuwai da Filato, wani ɗan jihar mai suna Aper Aku ya yi rantsuwa a rubuce a gaban kotu, yana zargin Gwamna na lokacin, Kwamishinan 'Yan Sanda Joseph Gomwalk, da yin ba daidai ba a kan kuɗin gwamnati da kwangiloli. A wancan zamani babu wata hukuma tsayayya mai ma'aikatan kanta wadda za a miƙa wa irin wannan ƙara ta bi diddigi. Shugaban Ƙasa, Janar Yakubu Gowon, ya wanke Gwamnan, mai ƙara kuwa aka tsare shi. Sai bayan juyin mulkin watan Yuli na 1975 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sa aka binciki dukiyar masu mulkin jihohi 12 na ƙasar, aka kuwa sami 10 daga cikinsu da laifi. Shi Aper Aku, daga baya mutanen Binuwai suka zaɓe shi Gwamna a 1979.

A cikin waɗannan shekaru an gwada magani iri biyu, kowanne shi kaɗai. Na farko shi ne ƙarin albashin Udoji na 1974, wanda aka biya ma'aikata har da ariyas. Kuɗi ya shigo hannu a dunƙule, aka yi ta sayen babura da rediyo, amma kafin a jima farashin kaya ya tashi ya cinye ƙarin, cin hanci kuwa yana nan inda yake. Na biyu shi ne kora. A 1975 an sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, waɗansu da laifi bayyananne, waɗansu kuwa ba a ko saurare su ba, da yawa kuma suka tafi ba fansho ba garatuti. Waɗanda suka tsira sun ɗauki darasi, sai dai ba shi aka so su ɗauka ba. Da yawa suka ƙudurta cewa tun da ana iya korar mutum ta rediyo bayan shekara ashirin yana bauta wa ƙasa, to gara ya tanadi na gobe tun yana kan kujera. Daga nan aka gane cewa albashi ba tare da horo ba ɓarnar kuɗi ne, horo kuma ba tare da tabbacin makoma ba yana iya ƙara wa cutar ƙarfi. An ci gaba da wa'azi, kamar Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984, amma hukumar da za ta haɗa abin biyu ba ta samu ba sai da aka koma mulkin farar hula.

A 2001 wata ƙungiyar ƙasashen duniya mai sa ido a kan safarar kuɗin haram, mai mazauni a Faransa, ta sa sunan Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ba su ba da haɗin kai. Wannan ya jawo wa 'yan kasuwa na ƙwarai wahala a bankunan waje, ga kuma abin kunyar 'yan damfarar nan da ake kira 419. Majalisar Tarayya ta zartar da dokar kafa Hukumar EFCC a 2002, Hukumar ta fara aiki a 2003 a ƙarƙashin Malam Nuhu Ribadu, aka sake wa dokar fasali a 2004. A 2006 aka cire sunan Nijeriya daga wancan jeri.

Su wane ne ma'aikatan?

Da farko Hukumar ta dogara ne a kan jami'an da aka aro mata daga 'yan sanda da sauran ma'aikatu. Sannu a hankali ta shiga ɗaukar samari da 'yan mata na kanta, tana horar da su. Akwai mataki uku na shiga aikin bincike: na masu digiri, da na masu difloma ko takardar malanta, da na waɗanda suka gama sakandare. Tana da makarantar horo a Karu kusa da Abuja, an kuma horar da waɗansu rukunoni a Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna. Malam Abdulrasheed Bawa, wanda ya shugabanci Hukumar daga 2021 zuwa 2023, yana cikin rukunin farko na waɗannan ɗalibai, shi ne kuma shugaba na farko da bai fito daga rundunar 'yan sanda ba.

Ba masu kamu kaɗai ke aiki a wurin ba. Akwai lauyoyi, da akantoci masu bin sawun kuɗi daga wannan asusu zuwa wancan, da masu binciken rubutun hannu da sa hannu, da masana kwamfuta da wayar hannu, da masu ajiyar kayan shaida, da direbobi da masinjoji. Doka ta ba jami'an binciken iko irin na ɗan sanda, har da riƙe makami. Ta kuma ba Hukumar wani iko da ba kowace hukuma ke da shi ba, watau ta binciki dukiyar duk wanda aka ga rayuwarsa ta fi ƙarfin samunsa. Wanda aka ba wannan ma'auni ya auna jama'a, lalle ne a fara auna shi da shi.

Abin da aka tanadar wa ma'aikaci

Ban da albashi da alawus-alawus, waɗanda ƙa'idojin aikin Hukumar suka tsara gwargwadon muƙami, akwai haƙƙoƙin da dokokin Tarayya suka tabbatar wa ma'aikacin gwamnati, kuma su ne suka fi dacewa a sani, domin ba alfarmar wani shugaba ba ce.

Mafi girma shi ne fansho. Kafin 2004 ma'aikaci yakan gama aiki ya koma jiran baitulmali, kuma dattawa ba su manta da layukan tsofaffin ma'aikata da ke wuni a ƙofar ofisoshi ana tantance su ba, har wani ya faɗi a kan layi. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sauya tsarin. Yanzu kowane ma'aikaci yana da asusu da sunansa a hannun kamfanin kula da fansho da shi kansa ya zaɓa. Duk wata ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10 cikin ɗari, a zuba a asusun. Hukumar Fansho ta Ƙasa ce ke sa ido a kan kamfanonin. Kuɗin na ma'aikacin ne, yana bin sa ko ya sauya wurin aiki. A aikin gwamnati ana ritaya ne in an cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 ana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Muhimmancin wannan ga jami'in bincike a bayyane yake. Mutumin da ya san tsufansa yana da madogara ya fi ƙarfin cewa a'a ran da aka ajiye masa ambulan a kan tebur. Abin lura kuma, Hukumar nan ce ta gurfanar da Abdulrasheed Maina, wanda aka ba aikin gyaran harkar fansho, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a watan Nuwamba na 2021 a kan kuɗin da ya kai Naira biliyan 2. Jami'an da suka yi wannan bincike haƙƙin iyayensu suka bi, da nasu na gobe.

Dokar fansho ɗin ta kuma wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai, wadda ba za ta gaza ninki uku na dukkan abin da ma'aikaci yake samu a shekara ba. Idan ya rasu yana bakin aiki, magadansa ake biya. Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta shafi wanda ya ji rauni, ko ya nakasa, ko ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa. Kada a ɗauka wannan tanadi na ado ne. A watan Satumba na 2010 an kashe Abdullahi Muazu, shugaban sashen binciken ƙwaƙwaf na Hukumar, a Kaduna. A watan Janairu na 2025 kuma an harbe wani jami'i, Aminu Sahabi Salisu, a Jihar Anambra, lokacin da suka je kama wanda ake zargi da damfara ta intanet. Ɓarawon biro ba ya fasa gida da dare, amma in ya ga asirinsa zai tonu yana iya hayar wanda zai fasa.

Ta fuskar lafiya, tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda ya fara aiki a 2005 aka kuma sabunta dokarsa a 2022, yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ana duba su a asibitin da suka zaɓa, su biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Ta fuskar muhalli kuwa, akwai Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kuma ya cancanci neman rancen gina gida ko saye ta hannun Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya, da ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Sai hutun shekara, da hutun haihuwa ga mata, da hutun kwana 14 da Gwamnatin Tarayya ta amince wa maza a 2021 in an yi musu haihuwa.

Gaskiya ce, abin da ke rubuce a doka da abin da ke isa aljihu ba kullum suke tafiya tare ba. Tsadar rayuwa takan riga ƙarin albashi isa kasuwa, kamar yadda ta yi a zamanin Udoji, rancen gida kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya fito. Duk da haka, jami'in da ya auna zai ga cewa abin da zai yi asara in an kore shi, watau aiki, da suna, da shekarun da ya zuba, ya fi abin da mai laifi zai miƙo masa a ɓoye.

Abin da ake nema daga gare shi

Hukumar ta bayyana halayen da take son a san ta da su, waɗanda suka haɗa da riƙon amana, da jaruntaka, da ƙwarewa a kan aiki, da haɗin kai da sauran hukumomi. Waɗannan kalmomi ne da kowane ofis zai iya rataye wa a bango. Abin da ya ba su haƙora shi ne Tsarin Mulkin 1999, wanda Jadawalinsa na Biyar ya jera ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata. Ma'aikaci ba zai sa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa ba. Ba zai karɓi albashi biyu daga gwamnati ba. Ba zai gudanar da kasuwanci ba, in ban da noma. Ba zai nemi kyauta ko ya karɓa ba saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, sai dai kyautar 'yan'uwa da abokai irin wadda al'ada ta sani. Dole ne kuma ya bayyana dukiyarsa da ta 'ya'yansa ƙanana a rubuce ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ran da ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da ran da zai bari. Duk abin da aka gani a hannunsa daga baya wanda samunsa na halal bai iya bayaninsa ba, ana ɗaukarsa a matsayin keta ƙa'ida har sai ya kawo hujja. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon raba shi da muƙami, ta hana shi riƙe wani har shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar.

Maganar kyauta tana bukatar tsayawa, domin a nan al'adarmu da aikin suke gogayya. A ƙasar Hausa, da ma sauran sassan Filato, mayar da hannun kyauta baya abin kunya ne, kuma goro ba ya rasa dalili. Amma ragon sallar da ya fito daga gidan mutumin da fayil ɗinsa ke kan teburin jami'i sunansa toshiyar baki, ko da an aiko shi da sunan mai ɗakinsa, ko an ce na yara ne. Haka nan kujerar Makka ko ta Urushalima, da kuɗin asibitin mahaifiya, da gurbin aiki ga ƙane. Misalin da aka fi ambata shi ne na 2007, lokacin da Malam Nuhu Ribadu ya ba da shaida cewa an kawo masa tsabar Dalar Amurka miliyan 15 daga tsohon Gwamnan Jihar Delta, James Ibori, domin a bar bincikensa. An kai kuɗin Babban Bankin Nijeriya aka ajiye a matsayin shaida, a 2013 kuma kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya su. Shi Ibori, a Landan aka ɗaure shi shekara 13 a 2012.

Shari'ar kuɗin gyaran ƙasar Filato

Wanda ya bi hanya daga Jos zuwa Bukuru, ya wuce Barikin Ladi, ya ga kududdufai da tarin jar ƙasa da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Sun cinye gonaki, suna kuma cin rayukan yara da dabbobi. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta ba Jihar Filato cek na Naira biliyan 1.162, watau miliyan dubu ɗaya da miliyan 162, daga asusun kula da muhalli, domin gyaran irin wannan ɓarna. Cek ɗin bai shiga asusun jiha ba. An bi da shi ta wani banki mai suna AllStates Trust Bank, aka rarraba kuɗin, wani kaso ya faɗa asusun wani kamfani mai suna Ebenezer Retnan Ventures, wanda bincike ya nuna na Gwamna Joshua Dariye ne.

A watan Mayu na 2004, bayan rikicin Yelwan Shendam, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a jihar, ya dakatar da Gwamnan wata shida, ya naɗa Manjo-Janar Chris Alli mai ritaya ya riƙe. A cikin wannan tsakani ne, a watan Satumba, 'yan sandan Landan suka kama Dariye bisa zargin safarar kuɗi. Aka ba da belinsa, ya dawo gida bai koma ba, a watan Nuwamba kuma ya sake hawa kujerarsa. Sashe na 308 na Tsarin Mulki ya hana a gurfanar da Gwamna mai ci, saboda haka jami'an Hukumar suka ci gaba da tara takardu suna jira. Sai a watan Yuli na 2007, bayan ya sauka, aka karanta masa tuhuma 23 a Babbar Kotun Birnin Tarayya. Lauyoyinsa suka ƙalubalanci hurumin kotun, aka yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ba ta yanke ba sai a watan Fabrairu na 2015, ta ce a koma a yi shari'a. Shekara takwas ke nan ba a saurari shaida a kan ainihin zargin ba. Da aka fara sauraro a 2016, har jami'in 'yan sandan Ingila da ya kama shi, Peter Clark, ya zo Abuja ya ba da shaida. Ran 12 ga Yuni, 2018, Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta same shi da laifi a tuhuma 15, ta ɗaure shi shekara 14, a lokacin yana Sanata mai wakiltar Filato ta Tsakiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa shekara 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a watan Maris na 2021.

Abin da ya kamata a duba a nan shi ne hannun da fayil ɗin ya ratsa. Daga 2004 zuwa 2018 Hukumar ta ga shugabanni irin su Nuhu Ribadu, da Farida Waziri, da Ibrahim Lamorde, da Ibrahim Magu. An sauya gwamnati, an sauya jam'iyya mai mulki, wanda ake tuhuma ma ya sauya jam'iyya. An yi wa jami'ai canjin wurin aiki, waɗansu sun yi ritaya. A duk tsawon wannan lokaci, da a ce mai ajiyar kayan shaida guda ɗaya ya bari kwafin cek ɗin ya yi ɓatan dabo, ko mai bincike ya tsaya a gaban alƙali ya ce ya manta, da shari'ar ta rushe ba tare da kowa ya san dalili ba. Ba a buga sunayen yawancin waɗannan mutane a jarida ba, kuma babu lambar yabo da aka rataya musu. Riƙon amanar da ake magana a kai, a aikace, shi ne takarda ta shekara goma sha huɗu a cikin kabad ta fito yadda aka sa ta.

A watan Afrilu na 2022 Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta amince da afuwar da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa mutum 159, har da Dariye da tsohon Gwamnan Taraba, Jolly Nyame, aka sake su daga gidan yarin Kuje a watan Agusta. Afuwa iko ce da Tsarin Mulki ya ba Shugaban Ƙasa, mutane da yawa kuwa sun nuna rashin jin daɗinsu a fili. Jami'in da ya kashe ƙuruciyarsa a kan fayil ɗin ba shi da ta cewa. Haka kuma ba kowace ƙara Hukumar ke ci ba. Ta gurfanar da tsohon Gwamna Jonah Jang a Babbar Kotun Jiha da ke Jos a 2018 a kan Naira biliyan 6.3, a watan Satumba na 2022 kotu ta sallame shi ta wanke shi. Aikin jami'i ya ƙare ne a kan kawo hujja. Hukunci na alƙali ne.

Akwai wani ɓangare na labarin Filato da bai kamata a tsallake ba. A watan Nuwamba na 2006 'yan majalisa 6 daga cikin 24 suka zauna a Jos cikin tsauraran matakan tsaro suka ce sun tsige Gwamna Dariye, aka kuma yi ta zargin Hukumar da matsa wa 'yan majalisar lamba. Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Jos ta soke tsigewar a watan Maris na 2007, Kotun Ƙoli ta goyi bayanta a watan Afrilu, Gwamnan ya koma ya ƙarasa kwanakinsa. Gajeriyar hanya ba ta kai ko'ina ba. Doguwar, wadda ta bi ta kotu, ita ce ta kai.

In mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi

Ba za a ɓoye cewa a cikin Hukumar kanta ana samun baragurbi ba. An dakatar da Ibrahim Magu a 2020, aka kafa kwamitin Mai Shari'a Ayo Salami ya bincike shi. An dakatar da Abdulrasheed Bawa a watan Yuni na 2023, aka tsare shi wata huɗu, aka sake shi ba tare da an gurfanar da shi ba. Da Ola Olukoyede ya kama shugabanci a watan Oktoba na 2023, ya umarci dukkan ma'aikata su sake bayyana dukiyarsu, ya kuma hana kai samame da dare bayan koke-koken da suka biyo bayan kama ɗaliban jami'a a Ile-Ife. A watan Janairu na 2025 Hukumar ta sanar da cewa ta kori ma'aikata 27 a cikin 2024 saboda zamba da rashin ɗa'a, ta kuma tsare jami'ai 10 na ofishinta na Legas a kan ɓacewar kayan da ke hannunsu. A wannan shekara ta 2024 ɗin ce kuma Hukumar ta ba da rahoton samun hukunci a ƙararraki 4,111. Hukumar da ke ƙwato kuɗi da zinariya da motoci, ɗakin ajiyarta kansa jarrabawa ne, kuma ba a ba kura ajiyar nama. Fitowa da aka yi aka faɗi adadin waɗanda aka kora ya fi a rufe, domin ma'aikacin kirki shi ne ya fi cutuwa in jama'a suka yi wa jar riga kuɗin goro.

Abin da ya kamata jama'a su sani

Kai ƙara ga Hukumar kyauta ne. Ana rubuta takarda zuwa ga Shugaban Hukumar, a sa suna da adireshi da sa hannu, a haɗa da hujjojin da ake da su, a kai ofishinta mafi kusa. Doka ta ba da kariya ga wanda ya ba da labari, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya shirya ƙarya da gangan. Beli a hannun Hukumar ba a sayen sa. Duk jami'in da ya nemi kuɗin mai, ko kuɗin takarda, ko wani kaso na abin da za a ƙwato, ya keta ƙa'idar aikinsa, kuma akwai sashen da ke karɓar ƙara a kan ma'aikata. Wanda ya zo da sunan Hukumar, a nemi ya nuna katin shaidarsa, wanda kuma aka gayyata ta waya, ya je ofis da kansa, kada ya yarda a haɗu a otal ko a tashar mota.

Haka kuma Hukumar ba ta karɓar bashi. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 2018. Dillalin da ya ba da dankali ko tumatir bashi a Kasuwar Farin Gada, ko mai katakon da abokin cinikinsa ya saɓa alkawari a Kasuwar Katako, kotu ce wurin zuwansa, in dai ba zamba aka shirya masa tun farko ba. Wanda ya nemi jami'i ya tsorata masa wanda yake bi bashi, ya jefa jami'in cikin laifi, shi ma bai fita ba.

Iyayen da ke neman wa 'ya'yansu aiki su yi hattara da masu cewa suna da gurbi a hannu. Hukumar takan yi shelar ɗaukar ma'aikata a fili, ba ta sayar da takardar neman aiki, ta kuma sha gurfanar da masu damfarar mutane da sunanta. Ga ma'aikacin gwamnati ko na banki da ya san inda aka ɓoye dukiyar jama'a, akwai tsarin tona asiri da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a watan Disamba na 2016, wanda ya tanadi ladan kashi biyu da rabi zuwa kashi 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato ta dalilin labarinsa.